Wata Shida Da Kwana Goma Sha Uku



Wata ranar Laraba a cikin watan Janairu na shekarar 2023, bayan sallar la'asar, mai ɗakina ta dawo daga makarantar da take koyarwa a nan Gider, ta ajiye jakarta, ta miƙo mini wata takarda ba tare da ta ce uffan ba. Kwafi ne na dokar cikin gida ta makarantar, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin wata jimla guda ta Faransanci. Ma'anar jimlar ita ce, malama ba ta da hutun haihuwa mai albashi sai sau ɗaya a cikin shekara biyu. Wadda ta sake samun juna biyu kafin cikar wannan wa'adi, to, ko ta tafi hutu babu albashi kuma babu alkawarin za a riƙe mata ajinta, ko kuwa ta ajiye aikin ta koma gida. A lokacin cikinta yana wata shida, ɗanmu na fari kuma yana da wata goma sha huɗu, bai daɗe da fara tafiya ba.

Masu karatu da suka tashi a gidajen Hausawa sun san sunan abin da ya same mu, wato kwanika, sun kuma san irin kallon da tsofaffi ke yi wa matar da ta yi shi. Kunyar wannan ce ta sa ta ɓoye cikin a ƙarƙashin hijabi har ya fi ƙarfin ɓoyo. Da a ce ta faɗa da wuri, da mun sami sararin shiri. Ba na ɗora mata laifi, domin ni ma da nake gani kullum ban taɓa ce mata ta faɗa ba. Ranar da ma'aikaciyar awon ciki ta dube ni ta saman tabarau ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar wani cikin, ban sami abin cewa ba sai sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa, kuma wannan magana ce tsakanina da iyalina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da ita hujjar raba mace da aikinta.

Makarantar mai zaman kanta ce, ba zan ambaci sunanta ba, haka nan mai ita, wanda zan kira Alhaji kawai. Dattijo ne mai mutunci, ya yi karatun Risala a zauren mahaifina tun kafin a haife ni, har yau kuma ba ya zama a kan kujera idan Malam yana kan buzu. Shi ya ɗauki mai ɗakina aiki a watan Satumba na 2019, ya ba ta aji na ƙarshe na firamare, wanda muke kira CM2, ajin da ake shirya wa jarrabawar CEP da ta shiga sakandare. Da ta haifi ɗanmu na fari a watan Nuwamba na 2021, Alhaji ya biya ta albashinta cif na tsawon hutun daga asusun makaranta, ya kuma biya wani saurayi da ya riƙe mata ajin. Ya aiko da rago ranar suna. Bayan wannan ne aka ƙara waccan jimla a cikin dokar cikin gida, kuma na fahimci dalili: makarantar da iyayen yara ba sa cika kuɗin karatu sai an biya kuɗin auduga, albashi biyu a kan aji ɗaya nauyi ne babba a gare ta.

Wannan karon kuwa lissafin ya fi muni. Likita ya rubuta cewa ana sa ran haihuwa ranar 15 ga Afrilu. Ke nan za ta bar ajin a tsakiyar Maris, ba za ta dawo ba sai an gama jarrabawa.

Ni ba lauya ba ne. Karatuna na allo da na littattafai a gaban Malam na yi shi, na boko kuma a lise ya tsaya, aikina shi ne riƙe wa wani ɗan kasuwar gyaɗa da hatsi lissafi. Amma ina karanta Faransanci, saboda haka a daren nan na nemo kundin dokar aiki ta Kamaru a wayata, doka mai lamba 92/007 ta ranar 14 ga Agusta 1992, na zauna da ita har aka yi kiran assalatu. Na karanta sashe na 84 ya fi sau biyar, ina neman wurin da aka ce sau nawa. Ban same shi ba, domin babu shi. Abin da sashen ya ce shi ne, kowace mace mai ciki tana da hutun mako 14, wanda ke farawa mako 4 kafin ranar da ake sa ran haihuwa. Ana iya ƙara mako 6 idan likita ya tabbatar da rashin lafiyar da ciki ko haihuwa suka jawo. Mai aiki ba shi da ikon soke kwantiraginta saboda ciki, kuma ba ya iya sallamarta tana cikin hutun. Idan haihuwa ta zo da wuri, ana cika mata makonta 14. Idan ta yi jinkiri, kwanakin da ta ƙara jira ba a cire su daga hutun bayan haihuwa. Dokar ciki take dubawa, kowane ciki da hukuncinsa, ba ta tambayar na nawa ne, ba ta kuma tambayar yaushe aka yi na baya.

Sai kuma abin da ya sa na miƙe zaune sosai. Kuɗin da mace ke karɓa a lokacin hutun, wanda ya yi daidai da albashin da take ɗauka a ranar da ta dakatar da aiki, dokar ba ta ɗora shi a kan mai aiki ba. A kan asusun kula da ma'aikata na ƙasa ta ɗora shi, wato CNPS. Abin da ke kan mai aiki shi ne ya yi wa ma'aikaciya rajista, ya riƙa zuba kasonsa kowane wata. Kason da ake zubawa domin amfanin iyali, wanda daga cikinsa ake biyan kuɗin hutun haihuwa, mai aiki ne kaɗai ke biyansa: kashi 7 cikin ɗari na albashi a yawancin wuraren aiki, kashi 5.65 a harkar noma, kashi 3.7 a makarantu masu zaman kansu. Wato a kowace sefa 10,000 ta albashin malama, sefa 370. Ashe duk wahalar da Alhaji ya sha a haihuwar farko, ya ɗauki kayan da ba nasa ba ne.

Na ci gaba da bincike har na zo sashe na 29, wanda ya yi magana a kan dokar cikin gida. Ya taƙaita ta ga tsarin gudanar da aiki, da ladabtarwa, da tsabta da kariyar lafiyar ma'aikata. Duk wani sharaɗi da ya fita daga wannan da'ira, musamman wanda ya shafi albashi, ba shi da ƙarfi ko da an rubuta shi an buga hatimi. Kuma kafin ta fara aiki sai an kai ta gaban sufeton aiki ya sa hannu. Da gari ya waye na ce wa mai ɗakina jimlar nan da aka ja wa layi tawada ce kawai a kan takarda. Ta dube ni ta ce, "To, kai za ka je ka faɗa wa Alhaji haka?" Nan bakina ya mutu.

Allah da ikonsa, ban je ba, shi ya zo. Bayan kwana biyu, tsakanin magariba da lisha, ina zaure ina haɗa wa Malam shayi, sai ga Alhaji ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa. Bayan doguwar gaisuwa ya kawo maganar a lulluɓe, kamar tambayar ilimi yake yi. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai mun karanta a nan zauren cewa shayarwa shekara biyu ce. Ni dokar da na sa a makaranta a kan wannan na gina ta, don a tausaya wa jarirai." Ya ƙara da cewa 'yan'uwansa da ke Mubi sun gaya masa a Nijeriya rabin albashi kawai ake biya, har ma akwai jihar da ta ƙayyade yawan haihuwar da ake ba dogon hutu.

Wannan na ƙarshe yana da tushe, na bincika daga baya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba da mako 12, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, kuma a can mai aikin ne ke biya daga aljihunsa. A 2014 gwamnatin Jihar Legas ta ba ma'aikatanta mata hutun wata shida a haihuwa biyu na farko, daga ta uku kuma su koma wata uku. Amma ko a can ba a hana ta uku hutu ba, kuma mu dai a Kamaru muke.

Malam ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Sa'an nan ya ce wa Alhaji ayar da yake nufi a cikin Suratul Baƙara da iyaye take magana, ga wanda ya so ya cika shayarwa, kuma a cikinta ne aka ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban yaro; babu inda ta ba mai ɗaukar aiki wani iko. Ya tuna masa hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi niyyar hana kusantar mace mai shayarwa, sa'an nan ya bari, da ya ga Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba. Ya ce abin da Annabi ya bari a buɗe, ba shi da ikon rufe shi da dokar makaranta. Daga nan ya juyo wajena, ya ce, "Kai kuma, kada ka ji daɗi. Lafiyar yarinyar nan amana ce a wuyanka, ba a wuyan Alhaji ba." Na ce, "Na ji, Malam."

Da na ga an sami sarari, sai na nemi izini na yi bayanin abin da na karanta, na ce ai CNPS ce za ta biya, makaranta ba za ta fitar da ko dala ba sai ladan wanda zai riƙe ajin. Na zaci fuskar Alhaji za ta washe. Sai na ga ya ƙara sunkuyar da kai. A nan ne ainihin maganar ta fito. Ya yi wa malamansa rajista tun da daɗewa, ana kuma cire musu kasonsu na fansho, kashi 4.2 cikin ɗari, daga albashi kowane wata, amma makaranta ta yi watanni ba ta kai kuɗin ba, nata da nasu duka, tun daga shekarar da cutar korona ta sa aka rufe makarantu. Tsoronsa shi ne, ranar da aka kai takardun mai ɗakina, ranar za a buɗe littafin makarantar a ga bashin. Shi ya sa a haihuwar farko ya gwammace ya biya daga aljihu ya yi shiru. Malam bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi kuɗin da aka cire daga guminsu da sunan za a kai wani wuri, ajiya ce, kuma Alhaji ya san babin ajiya, a nan zauren ya karanta shi.

Ban so in kai ƙarar almajirin mahaifina ba, shi ma Malam bai so ba. Amma sufeton aiki ba alƙali ba ne, kuma doka ma ta ce duk saɓanin da ke tsakanin ma'aikaci da mai aiki a gabansa ake fara neman sulhu kafin a je kotu. Saboda haka na je wajensa neman shawara, da sanin Alhaji. Ya tabbatar mini da abin da na fahimta game da dokar cikin gida. Sai dai ya nuna mini wani rami da ban gani ba ko kaɗan. Hutun kansa ba shi da sharaɗin daɗewa a aiki, amma kuɗin CNPS yana da shi: dole mace ta kasance ta yi wata shida a jere tana aiki, a wajen mai aiki ɗaya ko fiye, a ranar da ta dakatar da aikin. Wannan shi ne wurin da haihuwa kusa da kusa ke iya kayar da mace, ba yawan haihuwar ba.

Ya tambaye ni irin kwantiraginta. Na ce kowane Satumba ake sa hannu a sabo, ya ƙare a ƙarshen Yuni, wata biyu na babban hutu babu albashi. Ya girgiza kai, ya buɗe mini sashe na 25: kwantiragi mai wa'adi ba a sabunta wa ɗan ƙasa shi fiye da sau ɗaya a wuri guda, idan aiki ya ci gaba bayan haka ya zama na dindindin. Nata kuwa an sa hannu sau huɗu. A ganinsa ma'aikaciyar dindindin ce, ko da takarda ta ce wani abu dabam. Amma ya ce kada in dogara da wannan, domin magana ce da za a iya ja a kanta, a yi wata da watanni ana ja, ciki kuwa ba ya jira. Ya ce mu ɗauki lissafi mafi tsanani, mu ƙirga daga ranar da ta sa hannu a kwantiragin ƙarshe.

Ya jawo kalanda. Ta koma aiki ranar Litinin 5 ga Satumba 2022. Wata shida sun cika ranar 5 ga Maris 2023. Mako huɗu kafin 15 ga Afrilu ya faɗa ranar 18 ga Maris. Ya ɗora yatsa a kan ranar, ya ce, "Wata shida da kwana goma sha uku. Ka gode wa Allah." Sa'an nan ya gargaɗe ni da abin da har yau nake maimaita wa duk wanda ya tambaye ni: kada ta bar aiki da kanta kafin ranar, ko don gajiya ko don fushi, kada kuma ta sa hannu a kowace takarda ta ajiye aiki ko ta hutu babu albashi. Idan jiki ya gaza, likita ne zai rubuta, a ajiye takardar. Na tuna cewa a daren da ta kawo mini dokar makarantar, abin da ta fara cewa bayan ta yi shiru mai tsawo shi ne gara ta ajiye aikin a ƙarshen wata ta huta da abin kunya. Doka ta ba mai ciki damar ajiye aiki ba tare da sanarwa ba, babu wanda zai hana ta. Da ta yi hakan a ƙarshen Janairu, da ta tafi hannu rabbana, da hutun da kuɗin da ajin duka.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi mata sauƙi ba. Wanda ya san zafin Gider a watan Maris ya san abin da ake nufi da tsayuwa gaban allo da cikin wata takwas, ga yara fiye da hamsin, ga goyo yana jira a gida. Sa'a guda ta shayarwa da sashe na 85 ya ba uwa a kowace ranar aiki har wata 15 daga haihuwa, wadda ba ta taɓa nema ba don ba ta san da ita ba, ta karɓe ta a 'yan makonnin da suka rage mata, zuwa Fabrairu. Innata ta karɓi yaron ta yaye shi a ɗakinta, tana mita tana dama masa kunu. Ni kuma na zama ɗan aike: takardar likita mai ɗauke da ranar da ake sa ran haihuwa, takardun awon ciki, takardar albashi ta ƙarshe, da shaidar mai aiki cewa ta dakatar da aiki a rana kaza kuma albashinta ya tsaya. Wannan ta ƙarshe sai da sa hannun Alhaji, kuma ya sa. Kafin nan ya bi shawarar da aka ba shi, ya je da ƙafarsa ya bayyana bashin da ke kansa, ya sayar da shanu biyu ya rage, aka tsara masa yadda zai biya sauran. Na san abin ya yi masa ciwo. Ya yi kusan wata guda yana gaishe ni a taƙaice.

Sau uku na shiga mota zuwa Garwa a kan wannan magana, tafiyar kusan kilomita 100, sau ɗaya ma laifina ne, na manta takarda guda a cikin littafin lissafin maigidana, ban tuna ba sai da muka wuce Pitowa. A can ne na ji cewa ban da kuɗin hutu akwai kuɗin awon ciki da na haihuwa da ake ba iyalan ma'aikata, da kuma kuɗin yara na wata wata, wanda a lokacin sefa 2,800 ne ga kowane yaro, aka mayar da shi 4,500 a 2024. Na ɗanmu na fari ba mu taɓa nema ba. Na kuma ga a sashe na 90 cewa uwa ma'aikaciya tana da ƙarin kwana biyu a hutunta na shekara saboda kowane yaro da bai kai shekara shida ba, muddin yana da takardar haihuwa kuma yana zaune a gidan. Na yi ta mamakin yawan abin da ke rubuce tun 1992, alhali a unguwarmu ban san mace ɗaya da ta taɓa ambatonsa ba.

Ta bar aji ranar da sufeto ya nuna. Azumi ya kama bayan kwana biyar. Haihuwar ta wuce ranar da likita ya rubuta da kwana huɗu, ta sauka ranar 19 ga Afrilu, a goman ƙarshe na Ramadan, aka sami mace. An yi suna bayan ƙaramar salla. Alhaji bai aiko da rago ba wannan karon, amma ya zo da kansa, ya zauna a ƙasa kusa da buzun Malam har aka shafa fatiha. Mako goma na bayan haihuwa suka cika a makon babbar salla, lokacin an riga an gama jarrabawa. Saurayin nan na farko shi ya kai yaran, ita kuwa tana ɗakin jego tana aika masa da tsofaffin tambayoyin lissafi ta hannun ƙanena. Kuɗin ya fito bayan an yi arba'in, kafin nan bashi na ci a wajen maigidana, na biya da ya zo.

A watan Satumba ta koma ajinta, da kwantiragin da ba a rubuta masa ranar ƙarewa ba. Dokar cikin gida tana nan manne a bangon ofishin makaranta, an soke jimlar da biro, amma ana iya karanta ta ta ƙarƙashin layin. A zangon karatu na biyu wata malamar aji uku ta biyo mai ɗakina gida da yamma, ta daɗe tana wasa da jaririyar, sai da za ta tafi ta tambaya a hankali ko har yanzu ina da kalandar nan da sufeto ya yi mini lissafi a kai. Na ɗauko mata, na tambaye ta ranar da ta sa hannu a kwantiraginta da ranar da likita ya rubuta mata, muka zauna a tabarma muka fara ƙirga.